Sawu a Ɓawon Lemo

Mata bakwai ne suka wayi gari ranar Talata da fuska a kumbure, fata tana salewa, a Unguwar Marke, ɗan ƙauyen nan da ke gefen Tsiga. Kafin azahar bakin mutane ya mai da su ashirin, kafin la'asar har an makantar da ɗaya an kai ta Funtuwa. Gaskiyar dai bakwai ce, kuma abu ɗaya ya haɗa su, duk sun shafa sabon man da Amatullahi ta fitar ranar Lahadi.

Amatullahi 'yar marigayi Malam Shitu tela ce. Ta karanto haɗa sinadarai a Zariya, kuma maimakon ta nemi aikin ofis kamar 'ya'yan mutane, sai ta dawo gidan ubanta ta hau tara ɓawon lemo da na mangwaro da na rumman. Ta ce a cikin ɓawon akwai abin da ke hana mai lalacewa, shi ne kuma ke hana fata tsufa da wuri. An yi mata dariya har aka gaji, aka laƙaba mata suna mai digirin bola. Da man ya fito, matan da suka fi kowa dariya su suka fara zuwa da 'yan kwalabe a ɓoye cikin mayafi. Shekara biyu ana shafawa ana yabo. Ranar Talatar nan kuwa ba ka samun mutum ɗaya da ya taɓa yarda da yarinyar, kowa ka tambaya ya ce dama shi ya faɗa.

Da la'asar mai unguwa ya aika aka kira Jibo.

Shekara talatin Jibo yana bin sawun shanun sata tsakanin Bakori da Malumfashi. A zamaninsa yakan dubi ƙasa ya ce maka saniyar tana da ciki, ɓarawon kuma yana ɗingisa ƙafar dama. Sai aka shiga zamanin ɓarayin daji masu zuwa da rana tsaka a kan babura arba'in. Sawun babur arba'in ba ya neman gwani, kuma babu mai son ya iske inda ya tsaya. Su suka kore garken Jibo, suka bar masa shanu biyu da suka maƙale a kwari. Tun daga nan ya zama tsohon da ake gaisarwa a wuce, kuma abin yana cin ransa ko da bai taɓa faɗa ba.

Ya tarar da zauren a cike. Wanda muryarsa ta fi ta kowa shi ne Alhaji Maiwada, manomin auduga, abokin Jibo tun suna yawo da ɗan bante. Babu wanda ya ga laifinsa, domin autarsa Nana Aisha ce ta fi kowa ƙonewa.

"Ranka ya daɗe, wane bincike kuma?" in ji Maiwada. "A ɗakinta aka haɗa, a hannunta aka saya. Guba ta zuba, irin ta masu sauya launin fata, don a ce nata ya fi na kowa. A miƙa ta ga 'yan sanda yau, ɗakin kuma a sa mishi wuta!"

Mai unguwa ya ɗaga hannu, ya dubi Jibo. "Na ba ka zuwa la'asar ɗin Alhamis. In ba ka kawo mini wani ba, Juma'a da safe zan miƙa ta da hannuna. Ɗakin kuwa ba ni da ƙarfin tsare shi daga samari."

"Ranka ya daɗe, ni saniya na sani," in ji Jibo.

"Ita ma yarinyar ba ta da wanda ya san ta yau. Je ka."

* * *

Tsakar gidan Malam Shitu ta zama kamar filin kasuwa bayan an watse. Duk wanda ya zo zagi ya bar sawun takalminsa a ƙasa, wani a kan wani. Jibo ya tsaya ya duba, ya yi tsaki. In ma akwai sawun mai laifi, 'yan kallo sun tattake shi da ƙafafun adalcinsu.

Amatullahi tana zaune a ƙofar ɗakin aikinta. Idonta a bushe yake, da alama kukan ya ƙare tun da rana.

"Baffa Jibo, kai ma ka zo gani?"

"Na zo tambaya. Faɗa mini yadda kike yi, kamar kina faɗa wa wanda bai san komai ba, don ban sani ba ɗin."

Ta faɗa masa. Mannir mai lemo a tashar Funtuwa yana tara mata ɓawo, Inna Kulu kuma, tsohuwar da ke taya ta aiki, tana zagawa gida-gida ta karɓo. Ɗanyen ɓawo ana wanke shi sau uku, a shanya shi a kan raga a cikin ɗaki. In ya bushe a daka, a jiƙa garin a man kaɗanya mako biyu, a tace.

"A cikin ɗaki? Ga rana kyauta a waje?"

"Rana tana kashe ƙarfinsa, Baffa. Ɓawon da ya sha rana hoto ne kawai. Dokata ta farko ke nan, a inuwa ake shanya."

"Kin sa wani abu sabo a wannan karon?"

"Wallahi ko gishiri ban ƙara ba. Nana Aisha ƙawata ce. Ni na shafa mata na farko da hannuna."

"Akwai sauran ɓawon da ba ki daka ba?"

Ta ɗauko masa rabin buhu. Yana fita wata maƙwabciya ta tare shi ta kan katanga, ta rage murya yadda duk unguwa za ta ji, ta ce ranar Lahadi ta ga Hajiya Mairo ta shiga gidan ta ƙofar baya, tana waige-waige.

* * *

Hajiya Mairo tana da shago a Tsiga, cike da mayukan da ke mai da baƙar mace ja cikin mako uku. Tun da man Amatullahi ya fito ƙura ta fara kwanciya a kan kwalabenta, kuma ba ta taɓa ɓoye jin haushinta ba. Da safiyar Laraba Jibo ya same ta a shagon, fuska a rufe da niƙabi, ita da ko ɗankwali da ƙyar yake zama a kanta.

"Hajiya, mi ya kai ki gidan Malam Shitu ta ƙofar baya?"

"Ƙafata."

"Ana cewa ke kaɗai ke da riba in yarinyar nan ta faɗi."

Ta yi wata dariya marar daɗi. Ta leƙa titi, ta ga babu kowa, sai ta ɗage niƙabin. Jibo ya kau da kai, amma ya riga ya gani. Kumatunta biyu sun yi jawur, fatar ta tattare.

"Ni ce ta takwas, Malam Jibo. Kayana sun cinye mini fuska shekara goma, na yarinyar ne kawai ya fara gyara ta. Ka so in shiga ta ƙofar gaba, gari ya ga mai shago tana sayen na kishiyar sana'arta? In ka faɗa wa wani, Allah ya isa."

Ya fito yana jin kunya, abin da bai saba ji a bakin aiki ba.

A gida ya shimfiɗa tabarma a gindin darbejiya, ya juye buhun. Tunda ƙasa ta ƙi magana, sai ya dubi ɓawon yadda yake duban ƙasa, ɗaya bayan ɗaya, ba gaggawa. Yawancinsu sirara ne, launinsu da sauransa, kore da ruwan ɗorawa, ƙamshi na tashi. Amma a ƙasan buhun ya tsinci waɗansu daban, guda goma sha wani abu. Masu kauri ne, an yanko su har da farin cikin, launinsu ya koɗe fat, irin koɗewar abin da ya kwana biyu a rana. Ya kai ɗaya hanci. A ƙarƙashin ƙamshin lemo akwai wani wari da duk wanda ya taɓa ratsa gonar auduga bayan feshi ya san shi. A jikinsu kuma ga zaren auduga ya manne, ga wani farin gari a cikin lanƙwasar.

Ya kankare garin da farce, ya murza. Kanwa ce. Ya daɗe yana kallon yatsansa, domin ya san shanu ake jawowa da kanwa, ba mata ba.

* * *

Mannir yana bakin tashar Funtuwa a inda ya saba, baro cike da lemo, wuƙa tana yawo a hannunsa ba ya ko kallon ta. Labari ya riga Jibo isowa, don haka tun kafin a gama gaisawa ya fara rantsuwa.

"Baba, ni dai ɓawo nake tarawa. An ce wai na yi fushi ta ƙi aurena. Na yi fushi, gaskiya ne, na kwana biyu ban ci tuwo da daɗi ba. Amma in ƙona fuskar matan mutane?"

"Ban ce kai ba ne. Duba mini wannan."

Mannir ya karɓi koɗaɗɗen ɓawon, ya juya shi, ya taɓe baki. "Wanga ba ɗan kasuwa ya fere shi ba. Dubi kaurinsa, ya kwashe rabin lemon. Mai gida ne, wanda ba da kuɗinsa yake jin ciwo ba." Ya shimfiɗa ɓawon a kan baro, bayan yana sama. Sannan ya ɗauki lemo ya fere shi tas a zare ɗaya, ya shimfiɗa nasa kusa da wancan. "Ikon Allah. Baba, ka gani? Nawa ya naɗe ta nan, nashi ya naɗe ta can."

"In ka fara daga gindi fa, maimakon daga kai?"

Mannir ya gwada. Ya sake gwadawa da wani. Duk ta inda ya faro, naɗin ɓawonsa hanya ɗaya yake bi.

"Ba ya canzawa, Baba. Sai dai in hannun ne ya canza. Bahago ne ya fere wannan."

Jibo ya tattara ɓawonsa ya zuba a aljihu. Mannir ya miƙo masa lemon da ya fere, ya ce ya sha a hanya, Jibo ya ce ya gode, ba ya sha'awa.

A duk Unguwar Marke ba za ka ga mai ci ko mai miƙa abu da hagu ba. Ana cire wa yaro wannan tun yana rarrafe, da tsawa, da bulala, wani har a ɗaure masa hannun a baya. Sai dai hannu yana da abin da ba ya mantawa. Jibo ya san mutum ɗaya da ubansa ya ɗaure wa hagu wata shida, ya tashi yana komai da dama a gaban jama'a, amma in ya shiga gida ya ɗauki wuƙa, hagun take komawa. A cikin mota har Tsiga yana roƙon Allah ya sa akwai wani bahagon da bai sani ba.

* * *

Inna Kulu ta fara kuka tun da ta ga ɓawon a tafin hannunsa.

"Na san dokarta, Jibo, na sani. Amma ranar ƙafata ta matsa mini, ban zaga gidaje ba. Ina dawowa daga itace sai na gan su tuli guda, sun bushe sarai. Na ce wannan ai Allah ne ya hutar da ni, ba wanki ba shanya. Na zuba su cikin busassun ba ta gani ba."

"Ba ki ji wari ba?"

"Hancin da taba ta kashe shekara arba'in?"

"Yaushe ne?"

"Mako uku ke nan, ana gobe za a daka."

"Kai ni wurin."

Ta ɗingisa a gaba yana biye. Suka fita bayan gari, suka bi burtali, hanyar da shanu ke bi zuwa rafi. Jibo bai buƙaci ta nuna ba, ƙafarsa ta san wurin, kullum safe nan yake bi da shanunsa biyu. Ta tsaya daidai inda shingen gonar audugar Alhaji Maiwada ya faɗi, ta nuna gindin wata sabara.

Mako uku da 'yan kwanaki da suka wuce, ta wannan ɓarakar shanun Jibo suka shiga suka yi ɓarna a kunya huɗu. Jibo ya je har gida ba da haƙuri, hula a hannu. Maiwada ya yi dariya a gaban mutane, ya dafa kafaɗarsa ya ce, "Haba Jibo, ni da kai? Ko gonar duka suka cinye ai tamu ce." Har ya sa aka ɗauro masa lemo a leda ya kai wa iyali. Washegari zazzaɓi ya kwantar da Jibo kwana uku, shanun suka zauna a turke suna cin harawa. Abin da ya cece su ke nan, zazzaɓi da ƙafar Inna Kulu.

Ya tsuguna a gindin sabarar. Sawun ƙasa ya mutu tuni, amma a cikin ciyawa ya tsinci ragowar ɓawo biyu, masu kauri, naɗinsu ta hagu. Abin da ya ji ba fushi ba ne tukuna, ɗaci ne. Ɓarayin daji sun kwashe masa shanu sittin, amma su ba su taɓa cin tuwo a akushi ɗaya da shi ba.

* * *

Da hantsin Alhamis ya sami Maiwada shi kaɗai a rumfar ƙofar gidansa, ana ɗura auduga a buhuna can nesa. Jibo ya zauna a inda ya saba zama shekara da shekaru.

"Ya jikin Nana?"

"Da sauƙi za a ce. Ba ta fita, ba ta duba madubi."

"Alhaji, gobe za a miƙa 'yar Malam Shitu. Shi ya ɗinka mana rigunan sallarmu na farko, ka tuna? In akwai wanda ya san wani abu, gara ya je wurin mai unguwa da ƙafarsa kafin la'asar. Mutum yakan yi abu cikin fushi bai san inda zai faɗa ba."

Maiwada ya dubi masu ɗurin auduga, ya daka musu tsawar da ba su yi komai ba. Sannan ya juyo.

"Ita yarinya ce, tana da takarda. In an gama da ita ta koma Zariya, gobe an manta. Wani kuwa nan aka haife shi, nan za a binne shi." Ya gyara hula. "Shanunka suna lafiya, ko ba haka ba? To ka gode wa Allah, ka bar abin da bai shafe ka ba."

Jibo ya miƙe. "Ban ce maka komai a kan shanu ba, Maiwada."

Ya tafi bai yi sallama ba, karo na farko a rayuwarsu.

* * *

Bayan la'asar zauren mai unguwa ya cika har waje. Maza a tabarmi, mata a rakuɓe ta ƙofar ciki: Amatullahi, Inna Kulu, Hajiya Mairo cikin niƙabinta, da waɗanda suka ƙone, har da Nana Aisha da ta ja mayafi ta rufe komai sai ido. An kira Mannir daga Funtuwa, ya zo da kwandon lemo kamar yadda Jibo ya ce.

Jibo bai iya dogon jawabi ba. Ya zube ɓawon a gaban mai unguwa, ya ce a shinshina. Ya nuna kanwar, ya nuna zaren audugar. Ya ce an jiƙa su a maganin feshi an ajiye a burtali don shanu, tsohuwa ta tsinto ba ta sani ba, yarinya ta daka ba ta sani ba. Zauren ya ɗauki guna-guni, masu neman a ƙona ɗaki suka fara neman a kama Inna Kulu, don dai kada a tashi babu wanda aka kama.

"Wa ya ajiye?" in ji mai unguwa.

"Ranka ya daɗe, wuƙa ma tana da sawu. Kowa ya fere lemo ɗaya."

Aka yi dariya, amma aka fere. Mannir ya fara, Hajiya Mairo ta yi nata tana mita, Amatullahi ta yi, maza suka karɓa ɗaya bayan ɗaya. Jibo yana shimfiɗa kowane ɓawo kusa da mai gubar. Duk naɗinsu ɗaya, mai gubar kaɗai ya juya musu baya.

Wuƙa ta iso kan Alhaji Maiwada.

"Ni ma? Ni da aka ƙona wa 'ya?"

"Kowa aka ce, Alhaji," in ji mai unguwa.

Ya karɓa da dama. Ya kafa wuƙar, ta zame. Ya sake, ɓawon ya gutsure ɗan ƙarami ya faɗi. Ya yi ta sassaƙar lemon kamar mai feƙe itace, gutsure-gutsure, gumi yana tsattsafo masa a goshi, har wuƙar ta shafi babban yatsansa jini ya fito. Jibo ya buɗe baki zai yi magana, sai ya fasa. Abotar shekara sittin ba abin da ake tofarwa a zaure ba ce.

Ba shi ya yi maganar ba. Daga ƙofar ciki wata siririyar murya ta fito ta cikin mayafi, ba da zargi ba, da mamaki kawai.

"Baba, mi ya sa yau kake ferewa da dama? Ka ji ciwo fa."

Nana Aisha ta dubi fuskokin mutane, ta dubi ɓawon da ke gaban mai unguwa, mai kauri, a zare ɗaya, irin wanda take wasa da shi tun tana ƙarama tana naɗawa a wuyan hannu kamar warwaro. Sai a lokacin ta gane abin da ta faɗa. Ta ɗaga hannu a hankali ta taɓa kumatunta ta kan mayafin.

Lemon ya suɓuce daga hannun Maiwada ya gangara.

"Shanu na nufa," ya ce da wata murya da ba tasa ba. "Wallahi shanu na nufa. Kunya huɗu suka ci mini."

"Ka ce ka yafe," in ji Jibo.

"A gaban mutane mi kake so in ce?"

Abin da ya biyo baya shi ya fi ba Jibo haushi. Bakunan da suka kwana biyu suna kiran 'yan sanda da wuta, su ne suka fara cewa ai tsautsayi ne, ai ba da niyya ba, ai Alhaji mutumin kirki ne, shi ma ga 'yarsa, a rufa wa juna asiri, a yi sulhu a gida. Mai unguwa ya yi gyaran murya ya ce Alhaji zai ɗauki nauyin maganin matan, magana ta mutu a nan.

Amatullahi ta miƙe. "Ranka ya daɗe, da ni ce, gobe da safe ina hannun 'yan sanda."

"An wanke ki, 'yata. Ki gode wa Allah."

"Na gode masa. Wa zai ce mini yi haƙuri?"

Wani ya duba agogo ya ce magariba ta kusa, jama'a suka hau neman takalmansu.

* * *

Ba a ƙona ɗakin ba, ba a kuma shiga shi ba. Kwana goma bayan haka Jibo ya biyo ta ƙofar gidan Malam Shitu, domin ya daina bin burtalin, ya gwammace ya zaga da shanunsa ta cikin gari ko da hanyar ta ninka. Ya leƙa ya tarar da Amatullahi zaune gaban ragar shanya, babu komai a kanta. Inna Kulu ba ta sake zuwa ba saboda kunya. Matan gari kuwa sun ce sun yarda ba laifinta ba ne, amma dai fuska ɗaya gare su.

"Baffa, ka ce an wanke ni."

"An wanke ki."

"To ina mutane?"

Jibo ya hau kaɗe ƙuda daga wuyan saniya. Alhaji Maiwada yana nan a sahun gaba a masallaci, ana ba shi hannu kamar kullum. Jibo ne ma ake ɗan ja wa baya, an ce ya tona asirin abokinsa a bainar jama'a saboda shanu biyu da ko mutuwa ba su yi ba.

Suna nan sai aka yi sallama. Nana Aisha ce, mayafi har hanci, da kwano a hannu. Ta tsaya nesa kaɗan kamar baƙuwa.

"Amatu, tabon nan zai tafi?"

Amatullahi ta ɗage mata mayafin, ta juya fuskar wajen haske, ta daɗe tana dubawa. "Zai ragu. Ba duka ba."

Nana Aisha ta gyaɗa kai, ta miƙo kwanon. Ɓawon lemo ne ɗanye, sirara, an fere su da kulawa.

"Ki haɗa mini. Ni na saya, ni na fere su da kaina. Da dama."

Amatullahi ta karɓa. Jibo ya zaci za ta rungume ta, don tare suka tashi. Sai ya ga ta kai kwanon hanci ta shinshina, ta ɗaga ɓawon ɗaya bayan ɗaya tana duba naɗinsu. Sannan ta nufi bakin rijiya, ta wanke su sau uku, ta ƙara na huɗu, Nana Aisha tana tsaye tana kallo.